Dubu Huɗu da Ɗari Biyu Ba Ɗaya

Duk wanda ya san Birnin Zamnau a zamanin ƙarfinsa ya san tulun Gagarau. Baƙin tulu ne da aka naɗe da fatar ɓauna, aka ɗaure bakinsa da igiyoyi, kowane gari da ke bin Zamnau da tasa igiyar da nasa ƙullin. Babu zinariya a ciki, babu asiri. Tsakuwar gulbi ce zalla, guda dubu huɗu da ɗari biyu ba ɗaya, kuma a kanta sarautar Zamnau take zaune.

Asalin abin kuwa, Gagarau, tushen sarakunan Zamnau, shi ya haɗa kan garuruwa bakwai suka kori wasu mahara da suka addabi ƙasar. Da ƙura ta lafa, ya sa duk namijin da ya tsira da ransa ya jefa tsakuwa guda a tulu, shi ma ya jefa tasa. Aka ƙirga, dubu huɗu da ɗari biyu cif. Sarakunan nan bakwai suka ce sun yarda su bi shi, amma har yaushe? Ya ce har ranar da suka raba tsakuwar a tsakaninsu daidai wa daida, ba saura. Suka dubi juna suna murmushi, don kowa ya ga ɗari shida-shida za ta faɗa musu, suka yi maza suka rantse da ƙarfe da aradu. Sai da rantsuwa ta kama su, sannan Gagarau ya tura hannu cikin tulu ya zaro tsakuwa guda.

"Wannan tawa ce," in ji shi. "Na fita daga tulu, saboda haka ba ni da tabarma a wurin rabo. Nawa shi ne abin da ya saura. Ran da tsakuwata ta koma ciki, ku shimfiɗa mini tabarma in zama ɗayanku."

Aka raba, shida suka yi saura, aka zuba masa a tafin hannu. Tsakuwar da ya zaro kuwa aka ɗinke ta a laya, kowane sarki ya gada ya rataya a wuya.

Daga nan al'ada ta kafu. Duk sa'ad da Zamnau ta ci sabon gari, sai a kai tulu ƙofar garin, a shimfiɗa wa kowane sarki mai biyayya tabarma, har da sabon, Galadima ya bi su yana ajiye tsakuwa ɗaya-ɗaya. Mubaya'ar sabon ba ta ɗauruwa sai tsakuwar farko ta faɗi a tabarmarsa. In an kai ƙarshe, Sarkin Zamnau ya miƙa hannu, a juye masa saura, sarakuna su faɗi su yi caffa. Da garuruwa suka zama takwas, bakwai suka yi saura. Da suka zama tara, biyar. A goma, tara. A goma sha ɗaya, takwas. A goma sha biyu kuwa har goma sha ɗaya aka zuba wa mahaifin sarkin da za mu ba da labarinsa, sai da ya tara hannu biyu. Maroƙa suka mai da adadin kirari, suna cewa, "Dubu huɗu da ɗari biyu ba ɗaya, kurman adadi, ba ka jin kiran mai rabo!" An ce wani sarki ya taɓa yin tawaye ba tare da rabo ya sake shi ba, aradu ta same shi a zaurensa da tsakar rani. Ko gaskiya ne ko ƙarin gishiri, tun daga ranar ba wanda ya sake gwadawa.

A zamanin da muke magana, Hankurau ne a kan karaga. Sunan ne kawai ya samu, don ban taɓa jin labarin sarkin da ya kai shi gajen haƙuri ba. Ba ya jin magana har ƙarshenta. Da ya ji kanta sai ya ɗaga hannu, kuma a fadar Zamnau in sarki ya ɗaga hannu, mai magana ya haɗiye sauran, ba zai ƙara tofawa ba sai an ce masa ci gaba. Wanda ya ƙetare wannan, harshensa ne a bakin wuƙa.

Wata rana da bazara aka taru a zauren shawara a kan batun Tsaure, wani birni na kan iyakar kudu da bai taɓa bin kowa ba. Galadima Arzika na dama da sarki, tsoho mai riƙon tulu. Madawaki Jatau, shugaban yaƙi, na hagu. Ga Malam Jibo mai hisabi a kan buzunsa, ga Magajiya Tarana, ƙanwar mahaifin sarki, ita kaɗai ce mace mai wurin zama a zauren. Cikin sarakuna masu biyayya kuwa, Bizo Sarkin Kanyau ne babba, shi ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki, magajin Gagarau. Kakanka ya ƙara gari, mahaifinka ya ƙara biyu. Mu bayinka kunya ke kama mu in baƙi suka tambaya, shi kuma wannan me ya ƙara? Ga Tsaure can ta tare hanyar fatake, sarkinta Anaruwa yana faɗi a bainar jama'a wai Zamnau tsohuwar kura ce, haƙora sun zube. In ka yunƙura, mu goma sha biyu muna bayanka, ko makiyayi ba za mu bari a gida ba."

Wannan fa Bizo ne, mutumin da in an nemi dawaki ɗari a wurinsa sai ya aiko talatin, rabinsu suna tari. Yau shi ne ke roƙon yaƙi. Ruwa ba ya tsami banza, amma sarki zugar ta riga ta shige shi, ya gyara zama yana shafa gemu.

Madawaki ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Tsaure za ta ciwu, ban ce ba za ta ciwu ba. Sai dai gwalalon da ya kewaye ganuwarta rami ne da zai shanye mutum a kan doki, ga sarƙaƙiya, 'yan bakanta kuma dafinsu ba ya kwana. Za mu shiga, amma ba duka za mu fito ba."

Sarki ya ɗaga hannu. "Ban tara ku don a ƙirga mini gawa tun ba a mutu ba."

Sai Magajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san gwalalo ba, ban san dafi ba. Tambaya ɗaya gare ni. In Tsaure ta faɗi, tabarmi nawa za a shimfiɗa?"

"Goma sha uku," in ji Galadima.

"To, wa ya taɓa raba tsakuwar nan gida goma sha uku ya ga ta yi saura?"

Aka juya ga Malam Jibo. Ya yi gyaran murya irin ta wanda aka tambaya abin da ya daɗe da wucewa. "Allah ya ƙara wa Magajiya daraja. Ƙofofin rabo tara ne a wurin malaman hisabi: nusufi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri, wato daga kashi biyu zuwa kashi goma. Da su ake raba gado, da su ake fitar da zakka. Adadin da ya rufe ƙofofin nan tara shi muke kira kurma. Na ƙwanƙwasa wa adadin tulu dukkansu, malamina ya ƙwanƙwasa, malamin malamina ya ƙwanƙwasa, bai buɗe ko ɗaya ba. Dubu huɗu da ɗari biyu cif adadi ne mai sakin fuska, kusan duk wanda ya zo sai ya ba shi, amma da Gagarau ya zare guda sai ya kurmance. An ga goma sha ɗaya ta zo ta koma, goma sha biyu ta zo ta koma. Goma sha uku kuwa ko suna ba ta da shi a cikin ƙofofi."

"Allah gafarta Malam, ban tambaye ka sunanta ba," in ji Magajiya. "Cewa na yi wa ya gwada? A kawo wake mana, a ƙirga adadin, a kasa shi goma sha uku a nan gabanmu. Kafin la'asar mun huta."

Bizo ya zabura kamar wanda kunama ta harba. "Subhanallahi! Kwaikwayon rabo a gaban magajin Gagarau? Zaki, ko an soke dokar kakanka ne ba mu ji ba?"

Dokar kuwa tana nan daram. Tun da aka kama wani ɗan sarki yana kasa 'ya'yan tsamiya a ɓoye, aka yanke hukunci cewa duk mai kwaikwayon rabo warwarewar mulki yake fata, a sare masa hannuwa biyu. Dokar da aka kafa don ta tsare tulu, ita ce ta hana mutanen Zamnau sanin abin da ke cikin tulunsu.

Fuskar sarki ta murtuke. "Gwaggo, da wani ne ya furta wannan, da bai fita zauren nan da hannuwansa ba. Furfurarki ta cece ki. Tashi ki shiga gida." Ta buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ta tashi ta fita tana dogara sanda, ranta a ɓace, a bayanta aka buga tambarin yaƙi.

Ranar fita, takarkarin da aka ɗora wa tulu ya durƙusa a ƙofar birni ya ƙi tashi, sai da aka sa masa wuta a gindin wutsiya. Babban reshen kukar da ke bakin ƙofa ya karye ya faɗo, alhali ko ganye ba ya motsi. Tsofaffi suka yi ta jinjina kai. Bizo ya ce takarkari caffa ya yi wa sarki, reshe kuma Anaruwa ne ya faɗi tun ba a je ba, maroƙa suka ɗauka suka yi ta yayatawa. Mai rabon shan duka ba ya jin bari, runduna ta yi kudu.

A birni kuwa, tambayar Magajiya ta hana Malam Jibo sakat. Mutum ne mai girman kai, amma ba maƙaryaci ba ne, kuma ya san a ransa amsar da ya bayar ta littafi ce, ba ta yatsansa ba. Ya yi ta kai-kawo da abin, tsoron doka na ja da shi baya, har wata safiya ya sallami masu ɗaukar karatu, ya rufe ƙofar zaure, ya jawo faifan yashin da yake lissafi a kai. Ya zana gidaje goma sha uku. Ya ba kowane gida ɗari uku, dubu uku da ɗari tara suka tafi, saura ɗari uku ba ɗaya. Ya ba kowane gida ashirin, ɗari biyu da sittin suka tafi, saura arba'in ba ɗaya. Ya ba kowane gida uku. Yatsansa ya tsaya a kan yashi, babu abin da zai rubuta a gurbin saura.

Ya share ya sake, ya share ya sake, gumi na ɗiga a kan faifan. Ɗari uku da ashirin da uku kowane gida, ba ragi ba ƙari. Da ya juya kan ɗari uku da ashirin da ukun nan ma, sai ya ga goma sha bakwai ce sau goma sha tara. Ashe adadin da aka shekara aru-aru ana yi wa kirari da kurma ginin tubali uku ne: goma sha uku, sau goma sha bakwai, sau goma sha tara. Yana ji sarai, ba a dai taɓa kiransa da sunan da yake amsawa ba.

Ya tafi gidan Magajiya ko rawani bai naɗa ba, ya durƙusa ya miƙa mata hannuwansa biyu. "Ranki ya daɗe, ga su nan, doka ta ci su. Na yi rabo a yashi. Ke ce da gaskiya, ni ne na ɓatar da sarki."

"Mai da hannuwanka, Malam, sare su ba zai dawo da runduna ba," in ji ta. Idonta ya cika da ƙwalla. "Bizo ya sani. Wallahi ya sani, shi ya sa ya hana a kawo wake. Yanzu mene ne magani?"

"Magani ɗaya ne. Muddin tsakuwar farko ba ta faɗi a tabarmar Anaruwa ba, bai shiga rantsuwa ba. Sarki ya naɗe tabarmar, ya yafe masa, ya bar masa garinsa. A koma goma sha biyu. Abin kunya ne bayan an zubar da jini, amma karaga za ta tsira."

"Na san ɗan wana," in ji Magajiya. "Ni na goye shi. Da ya ji an ce ba saura, wuyansa zai kai hannu, ya ce bari ya ƙara tsakuwar Gagarau a samu guda a kai."

Malam ya dafe kai. "Kada Allah ya nuna mana! In ta koma, an shimfiɗa wa Zamnau tabarma ke nan, sun zama goma sha huɗu, tsakuwa kuma ta koma dubu huɗu da ɗari biyu cif. Bakwai sun samu ɗari shida-shida, goma sha huɗu za su samu ɗari uku-uku. Wannan ko ba faifai na sani."

Suka kira Barde Ciwake, wanda ya fi kowa sanin hanyar kudu, suka ɗora masa saƙo a ka, gaɓa uku. Malam ne ya jera su yadda malamai ke jera mas'ala, a fara da ciwo sannan a zo ga magani. Ta farko, goma sha uku tana raba tulu ba saura. Ta biyu, kada sarki ya taɓa layar wuyansa. Ta uku, ya naɗe tabarmar Anaruwa ya sallame shi. Magajiya da ta goyi Hankurau ta san ba ya jin magana har ƙarshe, amma hankalinta a tashe yake, ba ta ce a juya jerin ba. Wannan sakaci har yau yana ci mini rai in na tuna. Barde ya hau, ya bi sawun runduna yana sauya doki a kowane zango.

Kafin ya kai, an riga an gwabza. Da aka yi sansani a gaban Tsaure, Bizo ya ce shi da sauran sarakuna za su tsare gabas da yamma kada Anaruwa ya sulale, a bar wa Zamnau girman fasa ƙofa, don ba ya kyautu bawa ya riga ubangijinsa shiga. Sarki ya ji daɗin maganar. Da gari ya waye aka busa ƙaho, 'yan lifidin Zamnau suka yi gaba, ashe mutanen Tsaure sun rufe wani sashe na gwalalo da kara da ƙasa. Sahun farko ya rufta, na biyu ya hau kansa, kibau suka yi ta sauka daga kan ganuwa. Doki na kuka, mutum na kuka, ba mai jin wani. Madawaki Jatau ya sauka ya ja dakaru a ƙasa, suna sarar sarƙaƙiya da gatura, suna cike ramin da duk abin da suka samu, har da gawar 'yan'uwansu. Ya kai bakin ƙofa, kibiya ta same shi a ƙarƙashin haɓa, inda sulke bai rufe ba. Bai kai azahar ba, kamar yadda ya faɗa, dafin ba ya kwana.

Sai da aka harba kibau masu wuta cikin gari, bukkoki suka kama, hayaƙi ya kori 'yan baka daga ganuwa, sannan ƙofa ta karye. Anaruwa ya fito da igiya a wuya, ƙasa a ka, ya nemi aman. Zamnau ta ci Tsaure, amma cikin kowane mutum uku da suka fito daga Zamnau, ɗaya ne ke tsaye da ƙafarsa. Rundunonin sarakuna goma sha biyu kuwa ko gumi ba su yi ba, suka matso suka kewaye filin ƙofa, masunsu a tsaye, wai sun zo taya murna.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi goma sha uku a gaban ƙofar da ta ƙone. Ungulu sun cika sama, warin gwalalo ya hana kowa sakewa. Kowane sarki ya zo ya duba ƙullinsa ya kwance igiyarsa, ya koma ya zauna a tabarmarsa, Anaruwa a ta ƙarshe. Sarki Hankurau na kan karagar yaƙi a ƙarƙashin laima. Galadima ya buɗe tulu ke nan, ya tura hannu, sai ga Barde Ciwake ya keto taro a kan dokin da ke zubar da kumfa. Ya diro, ya rarrafa har gaban karaga, ya yi gaisuwa, ya rage murya yadda sarki kaɗai zai ji.

"Allah ya ba ka nasara, saƙo daga Magajiya da Malam Jibo. Sun ce an yi lissafi, goma sha uku tana raba tulu, ɗari uku da ashirin da uku kowane gari, ba saura. Sun ce kuma…"

Sarki ya ɗaga hannu.

Barde ya haɗiye maganarsa. Ya ɗago ido yana roƙo da fuska, ya buga goshi a ƙasa, amma sarki ba shi yake kallo ba. Bizo yake kallo, Bizo kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Nan take Hankurau ya gane komai, tsoro da fushi suka taso masa tare. Ya dubi ragowar mutanensa masu raunuka, ya dubi masun da suka kewaye fili. Sai ya yi wani murmushi na wanda ya ga mafita, ya miƙe tsaye.

"Dakata, Galadima! Ku saurara, sarakuna. Yau ranar nasara ce da ba a taɓa yin irinta ba, kuma ba ya kyautu tsakuwar Gagarau ta zauna a waje." Ya fizge layar wuyansa, ya farke ta da wuƙa, ya taka da kansa ya jefa tsakuwar cikin tulu. Kowa ya ji ƙarar faɗuwarta. A lissafinsa, in goma sha uku ta cinye adadin, to ga guda ya ƙara, ita za a zuba masa a hannu.

Bizo ya ɗago kai a hankali. Bai faɗi ya yi gaisuwa ba. "Galadima, kai ne mai riƙon al'ada. Me Gagarau ya ce a yi ran da tsakuwarsa ta koma tulu?"

Galadima Arzika ya tsaya kamar an dasa shi. Ya bauta wa gidan nan tun yana saurayi, da za a ce ya ba da wuyansa a madadin wannan amsa da ya bayar. Amma shi ma rantsuwar tana kansa. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Cewa ya yi a shimfiɗa masa tabarma, ya zama ɗayanku."

"To, a shimfiɗa."

Sarki ya kai hannu ga takobi. Masun rundunonin sarakuna suka sunkuyo gaba ɗaya daga gabas da yamma. Ya leƙa tulu kamar zai zaro tsakuwarsa, amma ta ɓace cikin dubban 'yan'uwanta, kuma ko ya zaro, goma sha uku tana nan tana jira. Gaba kura, baya sayaki. Galadima da hannunsa ya ɗauko tabarma ta goma sha huɗu ya shimfiɗa kusa da ta Anaruwa. Aka naɗe laima. Hankurau ya tuɓe takalmansa ya zauna a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ya ci da yaƙi jiya.

Aka fara rabo. Galadima na zagayawa, tsakuwa ɗaya a kowace tabarma, mai shela na ƙirga zagaye da ƙarfi. Rana ta take, ta karkata, ba wanda ya tashi ko shan ruwa. Kowa a filin ya san labarin ɗari shida-shida, kowa ya san rabin ɗari shida, duk da haka aka zuba ido, don akwai masu fatan ko an taɓa yin kuskuren ƙirga a zamanin da. Ba a yi ba. A zagaye na ɗari uku, Galadima ya ajiye wa Anaruwa, ya tura hannu ya lalubo ta ƙarshe, ya ajiye a gaban ubangidansa.

Hankurau ya miƙa tafin hannu, kamar yadda ya ga mahaifinsa ya yi. Wataƙila bai ma san ya miƙa ba. Galadima ya kifa tulu a kan hannun, ya girgiza. 'Yar ƙura ce ta zubo.

Bizo ya miƙe, ya sa takalmansa a gaban kowa, ya tattara tsakuwarsa a haɓar rigarsa. "Damina guda na yi a ɗaki a kulle ina kasa wake," in ji shi, "ga hannuwana kuma, duka biyu suna nan. Rantsuwa ta sake mu, aradu shaida ce." Sauran sarakuna suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Anaruwa ya cire igiyar wuyansa ya yar, ya ƙulle nasa ɗari ukun, ya koma cikin garinsa yana sarki mai cin gashin kansa kamar kowa. Da Bizo ya hau doki sai ya waiwayo, ya kira sunan da ba a taɓa furtawa a fili ba tun ranar naɗi.

"Hankurau, kwashe naka ka kama hanya. Ƙasar Kanyau za ka ratsa kafin ka kai gida, kuma ban yi alkawarin ba ka hanya ba."

Fili ya watse, saura masu raunuka da ungulu. Barde Ciwake na nan durƙushe inda aka bar shi tun hantsi, goshinsa a ƙasa. Sai a lokacin Hankurau ya lura da shi. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce da wata murya da ba a san shi da ita ba, "Ci gaba."

Barde bai ɗago ba. "Sun ce kada ka taɓa layar wuyanka. Sun ce ka naɗe tabarmar Anaruwa tun tsakuwa ba ta faɗi a kanta ba, ka sallame shi, a koma goma sha biyu, karaga ta tsira." Ya haɗiye kuka. "Iyakar saƙon ke nan, ranka ya daɗe."

Wannan ce maganar farko da Hankurau ya saurara har ƙarshenta. Ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa, ya shiga kwashe tsakuwarsa ɗari uku da hannunsa.